Babana da Babanmu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, shekarar da aka mayar da sashenmu hawa na biyu, na fara haɗuwa da Mai Gyara. Na tabbata da ranar domin ni ke riƙe da rajistar gyare-gyaren ofis, kuma abin da na rubuta a ranar shi ne: injin kwafi yana cin takarda, an kira mai gyara.

Ya shigo da jakar tamfol a kafaɗa. Gajere ne, furfura ta fara cin gefen kansa, tabaraunsa ɗaure da siririyar waya a inda hannunsa ya karye. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mai shara. Kafin ya taɓa injin sai da ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ya jera kayan aikinsa daga ƙarami zuwa babba. Tun daga nan ya shiga raina. Mutumin da ke jera kayansa haka ba ya barin aiki a rabi.

Sunan da kowa ke kiransa da shi ke nan, Mai Gyara. Sakatariyarmu, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ce kaɗai ke ce masa Injiniya, shi kuma ya ce mata, "Ranki ya daɗe, takardar shaidar tawa tana hannunki, har yau ba ki buga min ba." Ni kuwa Malam Akawu yake ce min.

A hankali na san tarihinsa, domin ba mai ɓoye-ɓoye ba ne. Mahaifinsu yana da ɗan shago inda yake gyaran rediyo da fanka da dutsen guga. Shi ne babba. Yana gama firamare idon tsohon ya fara rauni, sai ya zauna a shagon, tsohon yana faɗa da baki shi yana yi da hannu. Ƙaninsa na ƙarshe, wanda suke kira Auta, bai daɗe da shiga makaranta ba uban ya rasu. A hannun Mai Gyara ya tashi. A kan teburin shagon yake aikin gida na makaranta, idan barci ya kwashe shi ya shige ƙarƙashin teburin ya kwanta a kan kwali. Yaron ya yi karatu har ya ƙure, ya samu aiki a wani babban kamfani. Ba a hira da Mai Gyara a tashi bai ce "Autanmu" ba. Sakatariya takan ce, "Injiniya, injin nan fa aka kira ka ka duba, ba tarihin Autanku ba."

Mun yi shekaru a haka, yana zuwa idan wani abu ya lalace, ina sa hannu a takardar aikinsa. Sai wata rana, bayan ya gama da fankar ɗakin ajiyar fayil, ya tsaya yana murza tsumma a hannu, bai tafi ba.

"Malam Akawu, wata alfarma nake nema."

"Allah ya sa ina da ita."

"Turanci nake so ka koya min. Ba mai yawa ba. Irin na tashi a yi magana a gaban mutane."

Ya yi min bayani. Za a ba Auta shugabancin reshen kamfaninsu, kuma za a yi liyafa, manya za su zo daga hedkwata. Tun Auta yana ɗalibi yake ce masa, "Yaya, ranar da na zama wani abu, kai za ka tashi ka yi magana a madadin Baba." Da labarin ƙarin girman ya fito, sai Mai Gyara ya tuna masa. Auta ya yi ɗan shiru a waya, sannan ya ce, "Ai Yaya, taron da Turanci za a yi shi."

"Ka ga yaron yana jin nauyina," in ji Mai Gyara. "Ba ya so in tashi in ji kunya. To ni kuma ba zan bari a yi taro babu wanda ya yi magana daga gidanmu ba. Ba zan gaya masa ba. Sai dai kawai ya ji ni."

Ni a raina na ji wani abu game da wannan shirun na waya, amma ban san Auta ba, kuma mutumin da ke gabana ya san shi tun yana zanen goyo. Na ce ya riƙa zuwa lokacin hutun rana.

A ɗakin ajiyar fayil muke zama, tsakanin kantoci, shi a kan akwatin takardu ni a kujera, kowa da kofin shayinsa. Kalmomi ba su ne matsalarsa ba. Ya san sunan kowane ɓangare na inji da Turanci, ya kuma tsinci kalmomi da yawa a ofisoshi. Haɗa su ne ya gagare shi. Na ce masa ya bar haddace jimla, ya riƙe tsarinta: mai aiki a gaba, aikin a tsakiya, abin da aka yi wa aikin a ƙarshe. Ya yi tunani, ya gwada da Hausa, ya yi dariya.

"Ashe inji ɗaya ne, kamfani ne daban."

Daga nan ya ɗauki abin kamar sana'arsa. Idan na ba shi "I want to", sai ya ce wannan soket ne, kowane aiki ka jona zai kama. Ya jona ci, ya jona tafiya, ya jona godiya. "Thank you for" ma soket ne. "There is" soket ne. Ƙananan kalmomin nan kuwa, irin su "to" da "for" da "with", kusoshi yake ce musu. Ya ce a inji ma haka ne, ba babban ƙarfe ke ba mutum wahala ba, ɗan notin da ya faɗa ƙarƙashin tebur ne.

Abu uku muka fi daɗewa a kansu, kuma dole in faɗe su, domin su ne suka dawo daga baya.

Na farko Sakatariya ce ta tono shi. Ya fito daga darasi da zafinsa, ya dafa injin kwafi ya ce mata, "I used to repair this machine."

Ta ɗago kai. "To yanzu wa ke gyarawa? Korar ka aka yi ba mu ji ba?"

"Wace irin kora? Cewa na yi nakan gyara shi."

"Injiniya, ka sallami kanka da bakinka. Malam Akawu, zo ka ɗauki ɗalibinka, ya ajiye aiki."

Kamar mutane da yawa, ya ɗauka "used to" shi ne "nakan". Na zaunar da shi na ce a'a. Idan Bature ya ce "used to", yana nufin a da ne, yanzu an daina. Abin ya wuce, an rufe. Ya maimaita a hankali, ya ce, "Wato waya ce da aka yanke. Tana nan a bango, amma ba wuta." Na ce ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba.

Na biyu ya fito ne da muka fara tsara jawabin. Yana so ya ce ya yi aiki a shagon mahaifinsu, sai ya ce "I worked for". Na ce ya sa "with". Idan ka ce "with", kafaɗa da kafaɗa kuka yi aikin. Idan ka ce "for", to ɗan aiki ne kai, an ɗauke ka, ana iya sallamar ka.

"Ɗan wannan notin?"

"Shi."

"Allah mai iko. Cire shi, Malam Akawu. Baba bai taɓa ɗaukata aiki ba, haifata ya yi."

Na uku shi ne ya fi ba shi dariya. Komai "our" yake cewa: gidanmu, babanmu, unguwarmu, kamar yadda kowa ke faɗa. Na gaya masa masu Turanci sukan ce "my father" ko da su goma ne a wurin uban.

"Kai! Wannan wace irin rowa ce? Uban ma sai mutum ya ce nasa ne shi kaɗai?"

Na ce al'adar harshen ce, ba rowa ba. Amma idan 'yan'uwa biyu suna tsaye wuri ɗaya, ɗaya yana magana a gaban ɗayan, to nan "our" ake cewa. Ya ce to shi ke nan, tunda Auta zai kasance a wurin, "our" ɗinsa yana nan daram.

Jawabin gajere ne. Godiya ga baƙi, ambaton mahaifinsu, addu'a ga Auta. Amma akwai wuri ɗaya da shi ya ƙirƙira da kansa, ba ni ba, kuma da shi yake taƙama: "He used to sleep under my table. Now he has a big table." Ya ce a nan za a yi dariya, sai ya ɗan dakata kafin ya ci gaba. Ya gwada a gaban Sakatariya, ta yi dariyar har da share ido, ta ce, "Wallahi Injiniya, idan ba su tafa maka ba, ba su da hannu." Ya gwada wa matarsa a gida har ta haddace ba tare da ta san ma'anarsa ba. Ya ce yana cikin cin abinci sai ya ji ta daga kicin tana cewa "big table".

Ranar Asabar aka yi liyafar, da rana, a zauren wani otal. Ya ce lallai in raka shi, ni ne malaminsa. Ya ɗinka sabuwar riga, ya sayi sabon firam na tabarau. A bakin ƙofa wata budurwa mai riƙe da jerin baƙi ta duba, ta sake dubawa, sannan ta kai mu wani tebur a can baya, kusa da ƙofar da masu rabon abinci ke fitowa. Direbobin baƙi ne a teburin. Na dube shi. Ya gyara zama ya ce, "Nan ya fi. Daga nan ana ganin kowa."

Auta ya zo wucewa da wasu mutane. Dogo ne, fuskarsu ɗaya da yayansa, har yadda suke ɗaga gira. Ya ɗan rusuna ya ce da sauri, "Yaya, kun iso? A ci abinci," ya wuce. Mai Gyara ya bi shi da kallo yana murmushi. "Ka ga kwat ɗin? Kamar a jikinsa aka ɗinka."

Aka yi jawabai. Duk wanda aka kira, sai in ga leɓen Mai Gyara yana motsi, yana bitar nasa. Ba a kira shi ba. Ya ce min a hankali, "Na gida a ƙarshe ake sa su." Daga nan aka kira Auta ya yi godiya. Ya fara ke nan makirufo ya yi ƙara ya mutu. Ya bubbuga shi, shiru. Ma'aikatan otal suka shiga kai da kawo.

Ban ankara ba Mai Gyara ya miƙe. Ba tunani ya yi ba, hannunsa ne ya saba. Ya ratsa tsakanin tebura, ya durƙusa a gindin lasifika da sabuwar rigarsa, ya zaro ɗan sukudireba daga aljihu. Ba wani babban abu ba ne, waya ce ta saki. Ya ɗaure ta, makirufo ya dawo. Mutane suka tafa. Shugabar da ta zo daga hedkwata, wata dattijuwa mai fara'a, ta ji daɗin abin, ta juya ta tambayi Auta ko wane ne wannan bawan Allah.

Mai Gyara yana tsaye a gefensa, yana kaɗe gwiwar rigarsa. Na ga ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannu a gaba kamar yadda muka gwada. Ya ɗauka lokacin ne ya zo.

Makirufo yana hannun Auta, kuma yanzu yana aiki sarai. Kowa ya ji.

"He used to work for my father."

Aka sake tafawa. Shugabar ta gyaɗa wa Mai Gyara kai cikin girmamawa, irin wadda ake yi wa tsohon ma'aikacin gida mai amana. Auta ya ci gaba da godiyarsa.

Ya dawo ya zauna. Ya mayar da sukudireban aljihu, ya ɗauki cokali, ya ajiye. Wani direba ya ce, "Baba, aikinka ya yi kyau." Ya ce, "Na gode." Bayan ɗan lokaci ya ce min, "Mu je, Malam Akawu."

Sai da muka isa inda ake jiran mota sannan na yi magana. Na kama abin da na sani. Na ce ai na gaya masa su haka suke cewa, "my father", ba wani abu ba ne.

"Ina tsaye a gefensa," in ji shi. "Ka ce idan 'yan'uwa suna tsaye wuri ɗaya, 'our' ne."

Ya juyo ya dube ni, ya ƙara da cewa:

"Kuma 'for' ya sa. Ba 'with' ba."

"Wataƙila bakinsa ne ya zame."

"Uku a jere? Noti ɗaya yakan kwance da kansa. Uku kuwa, hannu ne ya kwance su." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ka san abin da ya fi? Da a watannin baya ne, da na ji 'used to' da 'father', sai in ce yaron nan yana gaya musu nakan taimaki Baba. Da har tafi zan yi."

Mota ta zo, muka shiga.

Ranar Laraba Auta ya zo ofishinmu. Ya je shago an ce masa yayan yana wurinmu. Ya same mu a ɗakin fayil, Mai Gyara yana kan tsani yana duba fitila. Na tashi zan ba su wuri, Mai Gyara ya ce in zauna, ai ɗakina ne.

"Yaya, matarka ta ce tun Asabar ba ka cin abinci. An neme ka za a yi hoto, an ce ka tafi. Me ya faru?"

"Ba komai. Aikina na gama na tafi. Mai gyara ba ya jiran hoto."

"Haba Yaya."

"He used to work for my father," in ji Mai Gyara daga kan tsani, a hankali, kowace kalma a wurinta.

Na ga fuskar Auta ta sauya. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ƙarya na yi? Ba ka yi aiki a shagon Baba ba?"

"Yanzu da Hausa Baba ne."

"Yaya, ba ka san mutanen nan ba. Komai suna auna mutum da shi. Ranar farko ce, tambayar kuma a bazata ta zo. Ni ban..." Ya tsaya, sannan ya ƙarasa da muryar mai neman a tausaya masa. "Wallahi ban san kana ji ba."

Ni a nan ne raina ya ɓaci, fiye da ranar liyafar. Da ya ce kuskure ne, da akwai abin kamawa. Amma abin da ya kawo a matsayin uzuri shi ne ainihin laifin. Ya auna yayansa, ya tabbatar ba zai gane ba, sannan ya faɗa a gabansa. Yaron da yayansa ya zauna a shago har shi ya yi karatu, rashin karatun yayan ya dogara da shi.

Mai Gyara ya sauko daga tsani, ya naɗe wayar da ke hannunsa. "Na sani," ya ce. "Je ka, Auta, kada ka makara. Babban tebur yana jiran ka."

Auta ya ɗan tsaya, ya ce za su yi magana a gida, ya fita.

Mako na gaba Mai Gyara ya zo lokacin hutun rana kamar yadda ya saba. Na zuba masa shayi. Ya ce yau ba darasi zai ɗauka ba, jimla ɗaya ya haɗa yake so in duba masa ko kusoshinta sun zauna.

"I used to have a brother."

Na ce masa Auta yana nan da rai, kuma jini ba a yanke shi kamar waya.

"Ba wannan na tambaye ka ba, Malam Akawu. Akwai kuskure a ciki?"

"Babu."

"To madalla. Ka iya koyarwa." Ya shanye shayinsa, ya wanke kofin, ya kife shi a kan kanta.

Ban san ko ya taɓa faɗa wa Auta wannan jimlar ba, kuma ban tambaya ba. Darasi dai daga ranar ya ƙare. Ya ci gaba da yi mana gyara har zuwa lokacin da ofis ya sauya injuna, aka ba kamfanin da ya kawo su kwangilar kula da su. Shigarsa ta ƙarshe a rajistata ta makullin ɗakin fayil ce.

Yana nan a shagon mahaifinsu, a kan teburin nan dai. Idonsa ya fara rauni, ya rage karɓar ƙananan abubuwa, fanka da dutsen guga ya fi yi. Nakan biya idan hanya ta bi da ni. Auta yakan aiko direba da saƙo, shi kuma ya karɓa, ya ce a gaishe shi, ya miƙa wa matarsa ba tare da ya buɗe ba. An mayar da Auta hedkwata bara. Sun haɗu a sunan wata jikar gidan, sun gaisa, kowa ya zauna a gefensa. Ban ƙara jin Turanci a bakinsa ba sai sunan kayan gyara, kuma idan maganar ƙanin nasa ta taso, "Manaja" yake cewa. Bai ƙara cewa "Autanmu" ba.